Koya wa Jiki Zafi Kafin a Koya wa Ƙafa Nisa: Darasi kan Shirin Gudun Kilomita 21 a Fezzan

Gudun da ake kira rabin famfalaki tsawonsa kilomita 21 ne da mita 97. Wanda ya saba bin kwaltar da ta tashi daga Sabha ta ratsa Tamanhint da Samnu ta isa Zighan, ya ƙaddara kamar kashi biyu cikin uku ne na tafiyar da ke tsakanin Sabha da Tamanhint. A mota ba a bakin komai yake ba. A ƙafa kuwa, mai matsakaicin ƙarfi yakan ci awa biyu ko biyu da rabi yana gudu. Masu shirya irin wannan gasa sun fi sa ta a lokacin sanyi: wadda aka yi a Kaduna a shekarar 2020 cikin Nuwamba aka yi ta, babbar gasar Legas kuma bisa al'ada a Fabrairu ake yin ta. Amma shirin yakan ci wata uku zuwa huɗu. Saboda haka saurayin da ke zaune a Zighan ko Sabha, wanda ya ƙudurta shiga gasa a ƙarshen shekara, dole atisayensa ya faro a Yuli ko Agusta, lokacin da rana ke kan ganiyarta a Fezzan.

Domin masu wannan niyya aka rubuta wannan darasi, amma kada ɗan kasuwa ya ce ba ruwansa. Abin da ke faruwa a jikin mai gudu shi ke faruwa a jikin ɗan dakon da ke sauke buhuna daga babbar mota, da mai tura baro, da yaron da ya iso daga gida makon jiya aka sa shi aikin gonar dabino. Gudu dai ya fi saurin fito da abin fili. Kuma idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, waɗanda ke kusa da shi, iyalinsa ko maƙwabtan rumfa, su ne likitocinsa na rabin awar farko, wadda a cikinta ake tsira ko a rasa rai.

Zafin nan ba irin na gida ba ne

Mutumin Maraɗi ko Damagaram ko Katsina ya san zafi, ba sai an ba shi labari ba. Sai dai zafin da ya sani na bazara ne, na Afrilu da Mayu, wanda damina ke zuwa ta karya shi. Jikinsa da lissafinsa duk sun saba da cewa in Yuni ya kama, sauƙi ya kusa. A Fezzan babu wannan sauƙin. Yuni da Yuli da Agusta su ne tsakiyar zafi, ma'auni yakan tsaya kusa da digiri 40 da rana, wani lokaci ya haura, ruwan saman da ake samu a shekara guda kuwa bai kai milimita 20 ba. Ga kuma gibli, iskar kudu mai zafi da ƙura, wadda ta fi tasowa daga Maris zuwa Yuni, ta ɗaga ma'auni cikin 'yan sa'o'i.

Akan ji mutane suna cewa Libiya ce ta fi ko'ina zafi a duniya. Asalin maganar digiri 58 ne da aka rubuta a garin Aziziya, kudu da Tarabulus, a shekarar 1922, amma Hukumar Yanayi ta Duniya ta soke wannan adadi a 2012 bayan ta gano kuskure ne na awo. Ba ma buƙatar ƙarin gishiri. Digiri 40 ya isa ya kashe lafiyayyen saurayi idan ya yi gudu a cikinsa ba shiri.

Babban bambancin shi ne bushewar iska. A Kano cikin damina, mutum yana tafiya riga na jiƙewa, ya gani da idonsa cewa ruwa na fita daga jikinsa. A Zighan zufa tana bushewa tun kafin ta gangaro. Mutum ya taɓa goshinsa ya ji shi a bushe, ya ce ai bai yi gumi ba, alhali lita guda ta riga ta tafi. Shaidar da ke saura ita ce farin gishirin da ke kwantawa a wuyan riga da hula.

Randa da jikin ɗan Adam

Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi. Randa tana tsattsafo, iska ta busar da danshin, danshin ya tafi da zafi. Haka salkar matafiya take a sahara, kuma a kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jikin mutum randa ce mai tafiya, zufa kuma tsattsafonta.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Tsokar mai gudu tana ƙona abinci, amma cikin kashi biyar na ƙarfin da ta samu, kusan kashi ɗaya ne kawai ke zama motsi. Saura huɗun zafi ne da dole jiki ya fitar. Mutum mai nauyin kilo 65 da ya yi kilomita 21 yana ƙona wajen kalori 1,400, fiye da 1,000 daga ciki zafi ne zalla. Lita guda ta zufa, idan ta bushe a kan fata, tana ɗauke kalori kusan 580. Ke nan ana buƙatar wajen lita biyu domin fitar da zafin gudun kaɗai, ba a ma sa na rana da na kwalta a lissafi ba. Da sanyin asuba iska tana taimakawa, tunda ta fi fata sanyi. Amma da zarar zafin iska ya wuce digiri 35, wato ya fi na fata, sai ta daina rage zafi ta koma ƙara shi. Daga nan babu abin da ya rage wa jiki sai zufa.

Zufar kuwa daga jini take fitowa. Idan aka yi ta fitar da ita ba a mayar ba, jini ya ragu, sai zuciya ta shiga tsaka mai wuya: tsoka na neman jini domin gudu, fata na neman jini domin sanyaya. Bugun zuciya ya ƙaru, ƙafa ta yi nauyi, zafin cikin jiki ya fara hawa daga digiri 37 da aka saba. Idan ya wuce 40 kuma hankali ya fara gushewa, an shiga abin da likitoci ke kira bugun zafi, wanda ke lalata ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda.

Kada wani ya ɗauka ragwaye kawai abin ke kayarwa. A gasar duniya da aka yi a Doha ta ƙasar Katar a ƙarshen Satumba 2019, an fara gudun famfalaki na mata da tsakar dare domin guje wa rana. Duk da haka zafi ya haura digiri 30, danshin iska ya wuce kashi 70 cikin ɗari, zufa ta ƙi bushewa. Mata 68 suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba, kuma waɗannan su ne gwanayen duniya. Ruth Chepngetich ta Kenya da ta zo ta ɗaya ta yi awa 2 da minti 32, ƙasa ƙwarai da saurin da aka san ta da shi. Saboda tsoron irin wannan ne aka ɗauke gudun famfalaki na wasannin Olamfik na Tokyo aka kai shi Sapporo, can arewacin Japan.

Mako biyun farko

Abin farin ciki shi ne jiki yana koyon zafi, kuma da sauri yake koyo. Idan mutum ya riƙa motsa jiki cikin zafi matsakaici kullum, daga kwana 7 zuwa 14 sai a ga sauyi: ruwan jini ya ƙaru, zufa ta riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita a cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sauka a kan aikin da a da yake sa haki. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a ƙarni na 20, ma'adinan zinariya masu zurfi na Afirka ta Kudu sun riƙa sa sababbin ma'aikata atisaye na kwanaki a ɗakuna masu zafi kafin a saukar da su rami, domin an lura sababbin zuwa ne bugun zafi ya fi kashewa. Waɗanda suka yi haƙar zinariya a Jado ko Cibarakaten sun san yadda kwanakin farko ke kayar da baƙo.

Akwai sharaɗi biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, zama a rumfa cikin zafi ba ya wadatarwa. Wanda ya shekara biyar yana sayar da kaya a inuwa ya saba da zafin zama, bai saba da zafin gudu ba. Na biyu, abin da jiki ya koya yana mantawa. Mako biyu zuwa huɗu ba motsi cikin zafi, ko jinyar zazzaɓi, ko tafiya gida a dawo, duk suna mayar da mutum kusan farko.

Ga yadda mai shirin gudu zai yi. Kwana uku na farko, tafiya mai sauri ta minti 20 zuwa 30 da safe, ana ɗan sassarfa a tsakani. Daga kwana na huɗu zuwa na bakwai, minti 30 zuwa 40, sassarfa ta fi tafiya yawa. Mako na biyu a kai minti 45 zuwa awa guda. A duk tsawon wannan lokaci ba a neman sauri, ba a ƙirga kilomita. Ma'aunin shi ne magana: idan ba za ka iya gaya wa abokin gudunka cikakkiyar jimla ba tare da yankewar numfashi ba, ka yi sauri da yawa, sassauta.

Ga masu gida da ke ɗaukar yara aiki, hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: sabon ma'aikaci ya yi kashi ɗaya cikin biyar na aikin zafi a rana ta farko, a ƙara masa kashi ɗaya kowace rana, sai a rana ta biyar ya yi cikakken yini. Na san za a ce wa zai biya ɗan dako kuɗin yini a kan aikin awa biyu. To, a ba shi aikin inuwa a sauran lokacin, jera kaya ko tsaron rumfa. Yaron da ya sauka daga motar Agadas bayan kwanaki a hanyar Dirku da Madama da Gatrun ya iso da ƙarancin ruwa a jiki, ga gajiya, ga rashin barci. Shi ne mafi hatsarin faɗuwa a kasuwa duka, kuma shi ne ba zai buɗe baki ya ce ya gaji ba, don tsoron kada a sallame shi.

Agogo da hanya

Agogon Libiya yana gaba da na Nijar da Najeriya da awa guda, alhali Sabha kusan saitin Diffa da Maiduguri take. Saboda haka rana ba ta tsayawa tsaka sai wajen ƙarfe ɗaya, zafi kuma yakan kai ƙarshensa tsakanin uku da biyar na yamma. Wanda ya ce bari in jira la'asar ta yi in fita, ya fita a mafi munin lokaci. Ko bayan magariba kwalta da bango suna ci gaba da amayar da zafin da suka sha. Lokacin gudu a Fezzan ɗaya ne: daga idar da sallar asuba zuwa awa guda bayan fitowar rana. A tsakiyar zafi rana na fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, ke nan kafin bakwai da rabi ya kamata an dawo gida. Ƙasashen da suka daɗe da wannan matsala sun mai da abin doka: a Katar an hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ranar da gibli ta taso kuwa, ba gudu, ko da jadawali ya ce ranar gudu ce.

Hanya ma a zaɓe ta da hankali. Gara kewaye gajere na kilomita biyu ko uku a gefen gonaki, inda za a ajiye ruwa a gindin dabino a riƙa dawowa kansa, da a miƙe cikin sahara a yi nisa da mutane. Kada a fita mutum ɗaya. A gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a riƙe waya da takardar shaida. Baƙon da ke gudu cikin duhu kusa da shingen jami'an tsaro ko filin jirgin Tamanhint yana jawo wa kansa tambayar da ba ya buƙata, don haka a nisanci irin waɗannan wurare. A bakin babbar hanya a fuskanci motocin da ke tahowa. Tufa ta zama fara ko mai haske, sakakkiya, marar nauyi. Masu sa rigar leda ko rigar sanyi wai don su narkar da teɓa, ruwa suke zubarwa ba kitse ba, kuma sun toshe wa randa hanyar tsattsafo.

Sikelin rumfa ya fi ƙishirwa gaskiya

Tambayar da aka fi yi ita ce, ruwa nawa zan sha? Babu amsa ɗaya ga kowa, domin wani yana zubar da rabin lita a awa, wani lita biyu. Amma ɗan kasuwa yana da abin da zai ba shi amsar kansa: sikelin da ake auna buhu. Ka hau kafin ka fita, bayan ka yi fitsari, da tufa marar nauyi. Ka yi gudun awa guda. Ka dawo ka goge jiki, ka sauya rigar in ta jiƙe, ka sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa. Ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Misali, ka tashi da kilo 65, ka dawo da 64, ka kuma sha rabin lita: zufarka lita ɗaya da rabi ce a awa. Ka maimaita awon bayan mako biyu, domin jikin da ya saba da zafi ya fi zubar da zufa, buƙatarsa ta ruwa ƙaruwa take yi, ba raguwa ba. Masu cewa a hana jiki ruwa don ya saba da ƙishirwa sun ɗauki mutum raƙumi. Jiki yana sabawa da zafi, amma ba ya taɓa sabawa da rashin ruwa.

Abin da ake so shi ne kada ragin ya wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, wato kilo 1.3 ga mai kilo 65. Ga yawancin mutane wannan yana nufin shan tsakanin mililita 400 zuwa 800 a kowace awa ta gudu, kurɓi-kurɓi, ba a ɗaga gora a shanye gaba ɗaya ba. Bayan an dawo, a mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a kan kowane kilo da ya ragu, a hankali cikin sa'o'i, tare da abinci mai gishiri. Fitsarin safe ma shaida ne: in ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. In ya yi duhu kuma kaɗan, akwai bashin ruwa tun na jiya.

Sai dai ruwa ma yana da iyaka, kuma wannan ba kowa ya sani ba. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla fiye da abin da yake zubarwa, gishirin jininsa yakan tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura, har a mutu. A gudun famfalaki na Boston na 2002 an auna jinin masu gudu 488 bayan sun gama, aka sami kashi 13 cikin ɗari da ƙarancin gishiri a jini, kuma babbar alamar ita ce nauyinsu ya ƙaru a lokacin gudun. Ga amfanin sikeli na biyu ke nan: in ka dawo ka fi yadda ka fita nauyi, ka sha fiye da kima. Idan gudu zai wuce awa guda, a haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda iyaye mata suka sani na gudawa, ko na ƙunshin kemis, ko na gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Dabino uku ko huɗu a aljihu sun isa abincin hanya, kuma a Fezzan ba a rasa su. Shayi kofi ɗaya da safe ba laifi. Lemon gwangwanin da ake kira mai ƙara ƙarfi kuwa ba ya maye gurbin ruwa.

Game da azumi: daga 2015 zuwa 2017 Ramadan ya faɗo a tsakiyar zafin Yuni, yanzu ya ja baya zuwa lokacin sanyi. Amma mai azumin Litinin da Alhamis ya sa hutunsa a waɗannan ranaku. Dogon gudu da safe sannan a wuni ba ruwa har magariba, a watan Yuli, ganganci ne da ƙoda.

Daga mako na uku zuwa ranar gasa

Wannan ɓangaren ya fi sauƙi. Kwana uku ko huɗu a mako sun isa: biyu gajeru na minti 30 zuwa 45, da dogo guda ɗaya, wanda ya fi dacewa da safiyar Juma'a tunda kasuwa ba ta ci sosai. Dogon ya fara daga kilomita 6 ko 7, a riƙa ƙara ɗaya ko ɗaya da rabi a mako, kowane mako na huɗu a rage domin jiki ya huta. A Yuli da Agusta kada a damu da agogo, gudun zafi dole ya fi na sanyi nawa, kuma tafiyar minti ɗaya bayan kowane minti tara ba abin kunya ba ce. Gudu mai sauri da dogayen zango na kilomita 15 zuwa 18 a bar su sai Oktoba, lokacin da safiya ta yi sanyi. A nan ne mutum zai ga ribar wahalar da ya sha, domin jinin da ya ƙaru saboda zafi yana sa gudun sanyi ya zo da sauƙi. Mako biyun ƙarshe a rage atisaye zuwa rabi. Wanda aikinsa dako ne ya sani cewa aikin ma atisaye ne, kwana uku sun ishe shi, kuma barcin rana bayan azahar yana cikin shirin.

Waɗanda za su fara ganin likita

Mai hawan jini, musamman mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, da mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da wanda ya haura shekara 40 bai taɓa gudu ba, su je a duba su tukuna. Haka wanda ya san yana ɗauke da jinin AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da shi, yawancinsu lafiya lau suke rayuwa har su yi wasanni, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙarancin ruwa yana iya kayar da su farat ɗaya, don haka su ne suka fi kowa buƙatar bin abin a hankali. Mai zazzaɓi ko gudawa ko amai ba ya gudu, sai ya warke ya ƙara kwana biyu.

Dole a faɗi maganar ƙwayoyi. Tramol yana rufe bakin gajiya, gajiya kuwa ita ce mai gargaɗin da ke cewa tsaya. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da zafi ya riga ya rage shi. Kada a sha su kafin gudu ko kafin dako cikin rana. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, ga ciwon tsoka, ya nufi asibiti a ranar, domin alama ce ta tsoka na narkewa tana toshe ƙoda.

Idan mutum ya faɗi

Matakin farko galabaita ce: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, kasala, amma mutum yana cikin hankalinsa, ya san sunansa da inda yake. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufa, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Gudu ko aikin ranar ya ƙare. Idan rabin awa ta wuce bai farfaɗo ba, ko yana ta amai, a kai shi asibiti.

Mataki na biyu shi ne bugun zafi, kuma hankali ne ke bambanta shi da na farko. Mutum ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi kamar mashayi, ko ya kasa gane abokinsa, ko ya suma, ko ya kama jijjiga. A irin wannan hali mutane sukan ce iska ce ta buge shi, a tsaya tofi da hayaƙi. A yi addu'a, amma hannu na zuba ruwa. Kada a jira fata ta bushe kafin a yarda, domin mai gudu yana iya kasancewa sharkaf da zufa alhali cikinsa na ƙuna. Kada kuma a dogara da ma'aunin hammata, yakan nuna ƙasa da gaskiya.

Ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a sanyaya tukuna, sannan a ɗauka. Wanda aka sauke zafin jikinsa cikin minti 30 na farko kusan kullum yana tsira, wanda aka jefa a bayan mota da zafinsa aka kama doguwar hanya kuwa, yana dahuwa ne har a isa. Daga Zighan zuwa babban asibitin Sabha tafiya ce, don haka aikin a wurin zai fara. A cire masa tufa. In akwai kwamin ban ruwa na gona ko babban baho, a tsoma shi har wuya, mutum ɗaya ya riƙe kansa sama da ruwa. In babu, a shimfiɗa tamfol, a kwantar da shi a kai, mutane huɗu su ɗaga gefuna, a zuba ruwa mafi sanyi da aka samu tare da duk ƙanƙarar da ke firjin masu sayar da lemo, a riƙa girgiza ruwan. In tamfol ma babu, a yi ta kwara ruwa daga kai har ƙafa ana fifita da kwali, a sa ƙanƙara ko jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata da matsematsi, ana sauyawa. Wani kuma ya nemo mota tun a lokacin.

A ci gaba da haka minti 15 zuwa 20, ko har hankalinsa ya dawo ko ya fara rawar sanyi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai shaƙe. Paracetamol ba ya sauke irin wannan zafi, hanta kawai zai ƙara wa nauyi. In yana amai a juya shi ta gefe. A cikin mota a buɗe tagogi, a ci gaba da jiƙa shi. Ko da ya farfaɗo ya ce ya warke, sai an kai shi, domin lahanin hanta da ƙoda yakan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu. A gaya wa likita ƙarfe nawa ya faɗi, minti nawa aka yi ana sanyaya shi, me ya sha, da ko ya haɗiyi wata ƙwaya. Bayan an sallame shi, ba gudu ba dako na aƙalla mako guda, sai likita ya ba da izini, sannan ya koma kan tafiyar minti 20 ta kwanakin farko, da sanyin asuba.